Ƙanƙarar Jan Wake da Faifan Baba

Shekaranjiya na buɗe wata tsohuwar akwati ina neman zanen gado, sai warin lema ya daki hancina, irin na kayan da suka sha damina a rufe. Na tsaya da murfin a hannu, na manta abin da nake nema. Guangzhou ce ta dawo min, da gidanmu na hawa na tara a bayan benen 'yan kasuwa na Tianxiu, a watannin nan na bayan sanyi da bango ke yin zufa. Idan ba ka taɓa zama can ba za ka ce ƙari nake yi. Wallahi ruwa ne ke tsattsafowa daga bango yana gangarowa, madubi ya rufe ruf, ƙasa ta yi santsi, wankin da Umma ta shanya ya kwana uku bai bushe ba. A irin wannan lokacin Baba ya yi faifansa, a lokacin ne kuma na aikata abin da har yau nake jin kunyarsa, ko da yake ba zan ɓoye maka ba, ban gama hucewa ba.

Baba ɗan kasuwa ne kamar sauran Kanawan da ke unguwar Xiaobei a ƙarshen shekarun casa'in. Da safe ya tafi kasuwar Shahe ya yi cinikin riguna da wanduna ta hanyar kalkuleta, shi ya danna, mai kaya ya danna, da yamma a ɗaure katan-katan a kai wurin masu jirgi. Abu biyu ya bambanta shi da su. Ya kawo iyalinsa, abin da ba kasafai ake yi ba a lokacin. Sannan kafin ya zama Alhaji mai kaya, mawaƙi ne. Ba irin mai bin biki da kalangu ba. Tun yana ɗalibi su biyar suka haɗa ƙungiya da jita da ganguna irin na Turawa, shi ne mai waƙar. Kiɗan nasu shi yana kiransa furogiresib rok, Umma kuwa tana kiransa kiɗan da ba ya ƙarewa. Ita ce ta fi gaskiya, domin waƙa ɗaya sai ta ci minti goma sha biyar, ta fara a hankali, ta zabura da gudu, ta tsaya cak, kana shirin yin tafi ta sake ɓullowa ta wata hanyar. Ƙungiyar ta watse tun kafin a haife ni. Wani ya shiga soja, wani ya kama aikin banki, mai gangar ya rasu. Baba ya naɗe littafin waƙoƙinsa ya jefa ƙasan akwati, don a unguwarmu ɗan gidan malamai ba ya riƙe makirufo.

A Guangzhou kuwa babu wanda ya san kakansa. Nan ya haɗu da wani ɗan China mai dogon gashi da ke sayar da kayan rediyo, yana kuma da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa can wajen filin jirgi na Baiyun. Lauban muke ce masa, wato maigida, kamar yadda ake ce wa duk mai shago. Shi ke kaɗa jita, shi ke naɗar sauti. Ba su jin yaren juna sosai, amma idan Baba ya yi gunaguni da hanci sai mutumin ya kaɗa masa shi a jita, su dubi juna su yi dariya. Da haka Baba ya ƙulla niyyar yin faifai nasa shi kaɗai, ba tare da abokan dā ba.

Faifan gaba ɗaya a kan gida ɗaya ne, gidan kakata na Kano, wanda aka sayar bayan rasuwarta aka rushe. Baba ya ce tunda ba zai iya sake gina shi ba, zai shiga da mutane cikinsa da kunne. Waƙar farko ta zaure ce, da sallama da ƙarar takalma. Daga nan rijiya, sai murhu, sai ɗakin tsohuwa. Kiɗan ya ɗauko shi ne daga luguden matan gidan, amma ya cire bugu ɗaya, sai ya riƙa tafiya kamar mai ɗingishi. Ya ce haka gidan yake ji masa tun da uwarsa ta tafi. Da yake babu turmi a China, na dutsen da ake dakan magani aka samo, Umma ta yi ta daka busasshiyar shinkafa a cikinsa tana mita, Lauban yana ɗauka. Waƙar ƙarshe, wadda ta fi kowace tsawo, ita ce ta tsakar gida. Uba ya dawo daga fatauci, ya tsaya ya kira 'yarsa har sau uku. Ta amsa daga nesa, ta amsa daga kusa, ta amsa tana gabansa. Sunan ƙanwata ya sa a wurin.

To, ni ce 'yar fari, ka kuwa san halinmu. Tun ina goye aka kai ni wurin kakata, a can na tashi, gidan da ake wa waƙar nan ni na san shi. Na san bulon da ke motsi a bakin rijiya, na san inda kaza ke ɓoye ƙwai. A gidan nan ana kiran sunana sau ɗari a rana. Sai da tsohuwa ta rasu, ina da shekara goma, aka ɗauko ni aka kawo ni wurin iyayena, inda na koma "ke". Umma ta ce "ke", Baba ya ce "'yar nan", idan kuma zai aike ni sai ya dubi saman kaina kamar da wani yake magana a bayana. Ƙanwata kuwa, mai shekara biyar, wadda ba ta kwana ko goma a gidan kakarmu ba, ita ce a kan cinyarsa, ita ce mai jan gemu.

Bayan la'asar suke gwaji a falo. Ya zaunar da ita a gwiwarsa, ya ja sunanta da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba, mai zurfi, tana hawa tana sauka. Ni ina kicin ina tsince shinkafa, kowane kira yana shiga min har cikin haƙori. Ita kuma, Allah ya shirye ta, ko amsawar ba ta iya ba. Wani lokaci ta riga kiɗa, wani lokaci ta ce na'am da gyaɗa a baki, wani lokaci ta fashe da dariya, shi ma ya biye mata. Ni kuwa na iya. A bayan gida nake gwadawa, in buɗe famfo don kada a ji, in yi ta nesa, in yi ta kusa, in yi ta gaban uba. Na san bugun da aka cire, na san inda ake shiga. Babu wanda ya tambaye ni.

Rannan na kasa daurewa na ce wa Umma, ai ni na fi ta iyawa. Ba ta ko ɗago daga tukunya ba.

"Ke, ba kya jin kunya? Wa kika taɓa ji ya kama sunan 'yar fari yana waƙa da shi duniya na ji?"

Zuciyata dai ba ta haƙura ba. Na tsani gyaɗar da ƙanwata take ci, na tsani kitson da aka yi mata, na tsani yadda sunanta ke da daɗin ja. Har kwatanta sunayenmu na riƙa yi a raina, na ga tsawonsu ɗaya, nawa ma zai zauna daram a wurin.

An sa ranar ɗaukar waƙar tsakar gida wata Asabar, kuma rana ɗaya ce tak, don washegari Lauban zai tafi garinsu can arewa ya daɗe. Saura kwana shida tunanin ya zo min. A ƙasan benenmu akwai wata tsohuwa mai shago, da firji cike da ƙanƙara mai tsinke, ta jan wake. Umma ta hana mu sha a wannan yanayin, ta ce tana kashe murya. Kalmar nan ta kashe murya ce ta zauna min. Ni ke raka ƙanwata wasa ƙasa da yamma, sai na fara tara kuɗin tarata ina saya mata, biyu a rana, wani lokaci uku, in ja ta bayan matakala in tsare ta sai ta shanye. Na ce idan ta faɗa a gida ba ƙari.

A rana ta uku tsohuwar ta dube ni, ta dubi ƙanwata da ke jan majina, ta ce, "Meyo." Wai babu. Ga firjin nan a cike ina kallo. Ta yi ta faɗa da yarensu tana nuna maƙogwaronta. Ban kula ta ba, na ja yarinyar muka tsallaka wani shagon. A hanyar dawowa ƙanwata ta riƙe hannuna da nata mai danƙo, ta ɗago ta ce, "Yaya, yanzu kin fara sona ko?" Na ce ta yi sauri ta shanye kafin ta narke.

Ranar Alhamis ta tashi da tari. Juma'a zazzaɓi ya rufe ta, murya ta tafi gaba ɗaya, idan ta buɗe baki sai iska. Na tsorata, wannan kam gaskiya ne. Na zauna a gefen katifa ina jiƙa tsumma ina sa mata a goshi, ina roƙon Allah kada ta mutu, in ta tashi ba zan ƙara ba. Amma tunda na ce zan faɗa maka gaskiya, a ƙarƙashin tsoron nan akwai wani abu da ke murna. Ina jiƙa tsumma ina maimaita na'am a zuciyata.

Asabar da hantsi zazzaɓin ya sauka, muryar dai ba ta dawo ba. Baba ya daɗe a tsaye bakin ƙofa da jakarsa. Can ya dubi saman kaina ya ce, "Ke, sa takalminki."

Ban taɓa fita da shi mu biyu ba sai ranar. A cikin bas ƙirjina kamar ya fashe don daɗi. Na sa rigar sallata. Na tabbata yau zan ji, tunda ni zan amsa ai ni za a kira.

Ɗakin ƙarami ne, an manna kwalayen ƙwai a bango, yana warin taba da lema. Kowane ɗan lokaci jirgi zai wuce ƙasa-ƙasa, komai ya ɗauki rawa, a dakata sai ya wuce. A waƙar zaure ma sun bar ƙarar wani jirgin a ciki, Baba ya ce ai shi ma baƙo ne ya yi sallama. Lauban ya sa min abin ji a kunne, ya sauko da makirufo daidai bakina. Baba yana tsaye gabana da nasa, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Aka saki kiɗa. Na ji dakan Umma, na ji jita tana zagaye shi, na ji muryar Baba ta shigo tana ba da labarin ƙura a ƙafa da tsaraba a jaka. Aka zo wurin. Ya rufe ido ya ja sunan ƙanwata.

Ban amsa ba. Lauban ya tsayar, ya nuna min da hannu cewa nan ne zan shiga, kamar ban sani ba. Aka sake. Baba ya sake kiran ta. Na datse leɓena da haƙora. Aka tsayar.

"Ke, lafiya? Ba ki gane wurin ba ne?"

"Na gane, Baba."

"To mene ne?"

"Ba sunana ba ne."

Ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba. Lauban ya dubi wannan ya dubi wancan, Baba ya yi masa bayani a gajarce. Mutumin ya yi dariya, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a canza suna kawai. Ya tambayi Baba yaya sunan babbar. Baba ya sunkuya yana gyara wayar makirufo da ba abin da ya same ta. Da Lauban ya ga haka sai ya juyo ya tambaye ni, na faɗa masa. Ya maimaita shi a karkace, sau biyu, yana murna ya iya. Haka wani baƙo mai gashi har kafaɗa ya tsaya yana juya sunana a bakinsa, ubana yana gefe yana kallon ƙasa.

Baba ya cire hula, ya shafa kansa, ya mayar. Ya ce a sake.

Kiɗa ya taso. Wannan karon bai rufe ido ba. Da aka zo wurin ya ja numfashi, ya buɗe baki, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Babu abin da ya fito. Dakan yana tafiya, bugu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a buɗe, idonsa a cikin nawa, karo na farko tun da aka kawo ni gidansa. Wurin shigata ya zo. Ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni.

"Na'am."

Na biyu ma haka. A na uku, wanda yarinya ke gaban ubanta, kuka ne ya fito tare da amsar, muryar ta karye a tsakiya. Lauban ya miƙe tsaye yana ɗaga babban yatsa, yana cewa ba a taɓa wannan, ba za a sake samun irinsa ba. Baba ya juya mana baya yana tattara takardunsa, ya ce to, a bar shi haka.

Kada ka ɗauka na ji daɗi. A bas na juya fuskata ga taga har muka iso. Abin da na fahimta a ranar shi ne mutumin nan ya gwammace ya bar rami a tsakiyar waƙar da ya daɗe yana goyo, da ya sa sunana a ciki. Na cuci yarinya, na kwantar da ita, kuma ban samu abin da na yi don shi ba. Da kaset ɗin ya fito ƙanwata ta saurara har ƙarshe tana jiran sunanta, ba ta ji ba, ta yi kukan da sai da maƙwabta suka leƙo. A bayan kwalin an rubuta sunan Lauban, an rubuta wanda ya buga ganga, a ƙasa kuma aka sa "muryar yarinya".

Faifan bai yi kasuwa ba. Abokan Baba na Tianxiu suka saurara don kara, wani ya ce, "Alhaji, to a ina ake taka rawar?" Katan ɗaya ya bi kaya zuwa Kano, wani Alhajin Maraɗi ya ɗauki kaɗan, sauran lema ta cinye su a ƙarƙashin gado. Amma 'yan kaɗan ɗin da suka so shi, waƙar tsakar gida suke magana a kai. Wani ya ce uban ne ya mutu 'yar ke amsa masa, wani ya ce gidan ne ke kira. Idan aka tambayi Baba wace yarinya ce, sai ya ce ta gida ce. Bai sake yin wani faifan ba, bai kuma taɓa yi min maganar ranar ba.

Ya rasu shekarun baya a Kano. Bayan sadakar bakwai muna wanke tukwane da ƙanwata a bayan gida, na ga idan ban faɗa yau ba ba zan taɓa faɗa ba. Na ce mata ƙanƙarar nan da gangan na ba ta. Ta ci gaba da cuɗa tukunya.

"Haba Yaya, ai kowa ya sani."

Ashe ranar Juma'ar nan, lokacin da aka aike ni sayen magani, tsohuwa mai shago ta hawo hawa tara da ƙafarta, da kofin wani baƙin shayi mai ɗaci, ta zayyana wa iyayenmu komai da hannu da baki. Umma ta ɗauko muciya tana jiran in dawo. Baba ya karɓe ta ya ajiye, ya ce kada wanda ya yi min maganar. Ƙanwata tana kwance tana jin su.

"Da ni na yi miki haka, da na sha dukan tsiya," in ji ta. "Ke kuwa aka ce ki sa takalmi. Ni ya kira sunana ya fi a ƙirga, amma bai taɓa jin nauyina ba ko na rana ɗaya. Kin san shekara nawa na yi ina jin haushinki?"

Na zauna a kan turmi, hannuna duk sabulu. Ashe Baba ya san abin da nake so tun kafin mu hau bas, ya kai ni, ya gwada a gabana, iyakar inda harshensa ya iya kaiwa ke nan.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ɗan farina ina kiran sunansa tun daga ƙofar gida, a kasuwa, a waya, a gaban surukai, Umma tana toshe kunne tana cewa zamani ya lalace. Shi kuwa sai na kira sau huɗu kafin ya ɗago daga wayarsa ya ce min "Uhm?" Wani lokaci nakan yi tunanin ko mun arahantar da abin ne. Manya sun ce min abin da Baba ya yi girmamawa ce, ƙanwata ta ce gata ne, kuma na yarda da su duka. Amma ni dai har gobe idan muka zauna tana ba 'ya'yanta labarin yadda yake jan sunanta, tana kwaikwayon muryarsa, tashi nake in shiga kicin. Ita ta san yadda nata ke fita daga bakinsa. Ni na doshi shekara arba'in, kuma ban san yadda nawa yake ba.